Ƙashi Na Iya Jira, Jini Ba Ya Jira: Yadda Aka Gina Ƙafar Mutum da Yadda Ake Rasa Ta

Duk wanda ya taɓa jinya a ɗakin masu karaya, a Birnin Kebbi ne ko Argungu ko Yauri, ya san tambayar da dangi ke fara yi wa likita: "Ƙashin zai haɗe kuwa?" Shi kuma likita kafin ya ɗaga hoton ƙashin sai ka ga ya nufi yatsun ƙafa. Ya taɓa ya ji ko da ɗumi, ya danna farce ya saki ya ga ko jini zai dawo da sauri, ya lalubi bugun jini a doron ƙafa, sannan ya ce wa majinyaci, "Malam, ɗaga mini babban yatsa. Kana jin inda nake taɓawa?" Dangi kan ɗauka ɓata lokaci ne, tunda ga inda ya karye can sama. Alhali abin da yake nema a yatsun shi zai nuna ko ƙafar za ta rayu. Ƙashi na iya yin kwanaki a karye, a zo a gyara shi, ya haɗe. Naman da jini ya daina isa gare shi kuwa, cikin kimanin awa shida yake fara mutuwa, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa.

Ƙafafu da yawa da aka yanke a yankin nan, karayar da ta same su ba ta kai ta yankewa ba. Abin da aka yi bayan karayar ne ya cinye su. Shi ya sa nake ganin sanin yadda Allah ya tsara ƙafa bai kamata ya tsaya ga ɗaliban likitanci ba. Ɗan kabu-kabu yana bukatarsa, da manomin da ke yini cikin ruwan fadama, da uwar da za ta kai jariri a yi masa allura, da shi kansa mai ɗori.

Daga cinya zuwa ƙarshen yatsu, kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 30. Ɗaya ne a cinya, shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jiki, ya kai wajen rubu'in tsayin mutum. Sai ƙoƙon gwiwa. Sai biyu a ƙwauri: sangali, wanda ke ɗauke da kusan dukkan nauyi, da wani siriri a gefensa ta waje, mai riƙe tsoka da tokare idon sawu. Sauran 26 duk daga idon sawu zuwa ƙasa suke: 7 a diddige da tsakiyar ƙafa, dogaye 5 da suka miƙe zuwa gindin yatsu, 14 a cikin yatsun. Ke nan cikin ƙasusuwa 206 na jikin baligi, 52 suna can ƙasa a sawu biyu.

Babbar jijiyar da ke kawo wa duk wannan gini jini kuwa guda ɗaya ce. Daga ciki take fitowa, ta ratsa inda cinya ta haɗu da mara, wurin da kaluluwa ke fitowa. A nan tana kusa da fata, in ka danna da yatsu za ka ji bugunta. Ta gangara ta cikin cinya, ta kewaya bayan gwiwa, ƙasa kaɗan ta rabu gida uku a ƙwauri. Biyu daga cikin rassan ana jin bugunsu a ƙafa: ɗaya a doron ƙafa, a layin da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, ɗaya a bayan idon sawu na ciki. Wanda ya yi noman rani a fadamar Argungu ko Suru ya san in aka take tiyon injin ban-ruwa, fangalin da ya fi nisa ne ke fara bushewa. Haka ƙafa take. In hanya ta toshe a sama, yatsu ke fara sanyi, su koɗe ko su yi duhu.

Bayan gwiwa ne jijiyar ta fi shiga haɗari, domin a nan tana manne da ƙashi, a riƙe sama da ƙasa, ba ta da wurin kaucewa. In gwiwa ta goce a haɗarin babur, ko ƙashi ya karye dab da ita, jijiyar na iya yagewa ta ciki. Abin tsoron shi ne gwiwar kan koma mazauninta da kanta, ko masu taimako su ja ta ta koma, a ce an auna arziki, a kai mutum gida. Irin wannan gwiwa a ranar take bukatar asibiti, ko da mai ita na cewa ya ji sauƙi.

A ƙwauri nake son mu daɗe. Wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya ga wani farin tantani mai tauri da ke lulluɓe da naman ƙafa, wanda sai an sa wuƙa yake tsagewa. Mutum ma yana da shi. A ƙwauri ya raba tsokoki zuwa ɗakuna huɗu, ɗaya a gaba, ɗaya a gefe, biyu a baya, kowanne da hanyoyin jininsa da jijiyar ji da motsi a ciki. Tantanin nan ba ya miƙewa. In sangali ya karye, jini na zuba a ciki, nama na kumbura, kumburin kuma ƙaruwa yake yi a kwana biyun farko. Wuri bai ƙaru ba, abin da ke ciki ya ƙaru. Matsi ya hau ya danne ƙananan hanyoyin jini, nama ya rasa iska, rashin iskar ya ƙara masa kumburi, kumburin ya ƙara matsi. Wannan na iya faruwa ko ba a ɗaura komai ba. To ina ga an jera karare a kewaye, an naɗe da tsumma an ja da ƙarfi don kada ƙashi ya motsa? An haɗa wa naman matsin ciki da na waje ke nan.

Jiki magayi ne, mu ne dai ke yi wa maganarsa wata fassara. Alamar farko zafi ne da ya wuce na karaya, mai ƙaruwa maimakon raguwa, wanda maganin kashe zafi ba ya taɓa shi. In aka ɗan tanƙwara yatsun sai mutum ya yi ihu. Ƙwaurin ya yi tauri, yatsu su fara tsikari, daga baya ji ya ɗauke. A gidajenmu daidai nan ne ake cewa, "Yi haƙuri, ɗori ne ke kamawa," ko a ce wa saurayi ya daina raki. Can sai zafin ya lafa, gida ya yi hamdala, alhali lafawar na iya zama jijiyoyin ne suka mutu. Bayan 'yan kwanaki fata ta yi bororo, yatsu su yi baƙi, wari ya tashi. Kada kuma a jira sai bugun jini ya ɓace a ƙafa. A wannan larura bugun kan ci gaba har bayan nama ya lalace, domin matsin da ya isa ya rufe ƙananan hanyoyi bai kai ya rufe babbar ba. Abin yi na farko shi ne a kwance duk abin da aka ɗaura har zuwa fata, ɗorin gargajiya ne ko filastar asibiti, a kuma nufi likita nan take. In matsin bai sauka ba, aiki ake yi a tsaga tantanin daga sama zuwa ƙasa, a buɗe ɗakunan huɗu. Ciwon da aikin ke bari yana da ban tsoro a ido, amma ƙafar na nan, daga baya kuma ana rufe shi.

Ban yarda da masu yi wa masu ɗori kuɗin goro ba. Sana'a ce ta gado, suna kusa da mutane, ba sa tambayar kuɗin kati kafin su taɓa ka, kuma a ƙauyukan bayan Dakingari ko Kangiwa sau da yawa su kaɗai ne a kusa. Karaya mai sauƙi, wadda fata ba ta fashe ba, ƙashi bai goce sosai ba, takan haɗe a hannunsu, don ƙashi yana ɗinke kansa in aka hana shi motsi. Amma akwai karayar da ba ta gidan ɗori ba ce, kuma mai ɗorin kirki shi ne wanda ya gane ta ya ce a wuce gaba: wadda ƙashi ya huda fata, wadda ta shiga cikin gaɓa, ta wuyan ƙashin cinya, da duk wadda yatsu suka yi sanyi ko suka daina motsi. Su ma dangi, ba rashin kunya ba ne ɗa ya durƙusa ya ce wa dattijo, "Baba, don Allah a sassauta ɗaurin nan, yatsunsa sun yi sanyi." Masu asibiti kuma su dubi abin da ke korar mutane: tsada, dogon layi, da tsoron nan da ya yi kaka-gida cewa da an je yankewa za a yi. Wannan tsoro shi ke haifar da kansa. A ƙi zuwa da wuri don gudun yankewa, a je bayan ƙafa ta ruɓe, a yanke, labari ya koma gari cewa asibiti ya yanke ƙafar wane.

Shafa gaban ƙwaurinka ka ji: fata ce kawai a kan ƙashi. Dalilin ke nan da sangali ya fi sauran dogayen ƙasusuwa fasa fata in ya karye, ga shi kuma daidai tsayin gaban mota yake in ta haɗu da mai babur a hanyar Jega ko Kalgo. Ƙashi yana samun wani kaso na jininsa daga naman da ke kewaye da shi, ƙasan sangali kuwa ba shi da nama sosai, shi ya sa haɗewarsa ke da nawa. Wata uku zuwa shida ba abin mamaki ba ne ga baligi. In ƙashi ya leƙo waje, kada a tura shi ciki da ƙasar da ya kwasa, kada a barbaɗa toka ko garin magani. A rufe da tsumma mai tsabta, a tallafe ƙafar da katako ba tare da matsewa ba, a kama hanya. Can za a wanke ciwon a ɗakin tiyata, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus. Ƙwayar cuta in ta shiga ɓargo takan yi shekaru, ƙashi ya riƙa fitar da mugunya ta wani ɗan rami da ba ya rufewa.

Ɗaurin nan dai shi ne matsala a saran maciji. Kububuwa ta fi samun manomi da makiyayi a sawu, kuma abin da kowa ke fara yi shi ne ya nemo igiya ko roba ya ɗaure sama da wurin tamau. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, yana kuma lalata naman wurin. Ɗaurin bai hana shi aiki ba, sai ƙara wa ƙafar yunwar jini, tsagar reza kuma ta buɗe wa jinin da ba ya tsayawa ƙofa. Maganin allurar kashe dafi ce a asibiti. A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum kada ya taka. Wuri ɗaya ne ɗaure ƙafa tamau ke da hujja: inda jini ke tsartuwa, irin na harbin bindiga, abin da ya zama jiki a wasu sassan jiharmu ta Kebbi da maƙwabta, an kuma danne wurin da ƙarfi ya ƙi tsayawa. Nan a ɗaure sama da ciwon da abu mai faɗi, a riƙe lokacin da aka ɗaura a faɗa wa likita, domin rai aka zaɓa a kan ƙafa.

Ita cinya matsalarta yalwar wuri ce. In ƙashinta ya karye, naman na iya haɗiye lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na jini ba tare da ɗigo ya fito waje ba, alhali jinin baligi duka wajen lita biyar ne. Mutum na kwance yana gumi, yana neman ruwa, jiri na ɗibarsa, ana cewa firgita ce, ashe jini ne ke ƙarewa. Tsokokin cinya kuma suna da ƙarfin da ke janye guntayen ƙashin su hau juna, shi ya sa wanda aka ɗora a gida yakan tashi ƙafa ɗaya ta gajarce, ya zauna da ɗingishi. A asibiti ƙarfe ake zurawa ta tsakiyar ɓargo ya riƙe tsawon.

Can sama, ƙashin cinya ya lanƙwasa ya yi wuya, a bisa wuyan akwai kai mulmulalle da ke zaune cikin gurbinsa a ƙashin ƙugu. Yawancin jinin da kan ke samu ta jikin wuyan yake hawa, ta wasu siraran jijiyoyi. In wuyan ya karye ya goce, jijiyoyin sun tsinke, kan ya zauna babu abinci. Wannan ita ce karayar tsofaffi, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada, lokacin da ƙashi ke rage ƙwari. Inna ta zame a ban-ɗaki ko wurin alwala, ta kasa tashi. In ka dube ta a kwance, ƙafar ta ɗan gajarce, sawun ya kwanta ta waje. Da yake babu kumburin a-zo-a-gani, sai a ce buguwa ce, a shafa man zafi a bar ta a shimfiɗa. Kwanciyar ce ke kisa: baya da mazaunai su fashe da ciwo, huhu ya kamu, jini ya daskare a ƙafa. Aiki ake yi, a riƙe wuyan da ƙusoshi ko a sauya kan da na ƙarfe, kuma manufar ita ce a tayar da ita zaune da tsaye cikin 'yan kwanaki. Tsufa kaɗai ba hujjar hana ta aikin ba ne.

Kan nan na iya mutuwa ko babu karaya, kuma a ƙasarmu sikila na cikin manyan dalilai. An ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Najeriya. Ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe suna toshe waɗannan siraran hanyoyi, kan ya riƙa burmawa a hankali. Saurayi ko budurwa mai sikila da ciwo ya kama a gindin cinya, zaman tahiya ya fara gagara, a yi hoto tun kan bai burma ba. Ga kuma wani abu da ke rikita iyaye: jijiyar ji guda ce ke hidimar ƙugu da gwiwa, don haka yaro na iya nuna gwiwa yana kuka alhali ciwon a gaɓar ƙugu yake. In ya haɗa ɗingishi da zazzaɓi, ya ƙi yarda a motsa masa ƙafa, ana zargin mugunya ce ta taru cikin gaɓa, wadda ke cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki.

Jijiyar ji da motsi mafi girma a jiki daga ƙasan gadon baya take tasowa, ta bi ta cikin mazauni, ta gangara bayan cinya. Kaurinta ya kai babban yatsan hannu. Ta tsakiya da ƙasan mazauni ta bi, shi ya sa aka koya wa ma'aikatan lafiya su raba mazauni gida huɗu a ido, su yi allura a sashen sama na waje kawai. Jariri kuwa bai yi naman da zai kare jijiyar ba, allurarsa a cinya ake yi, gaba ta wajen gefe. Wanda ya ga yadda ake allura a wasu shagunan magani da hannun masu yawo da jaka ranar kasuwa, yaro na wutsil-wutsil an danne shi an soka inda hannu ya faɗa, ya san dalilin da wannan magana ke ci mini rai. In allura ta sami jijiyar, ƙafa ta saki, sawu ya riƙa reto, yaro na jan yatsu a ƙasa in yana tafiya. Wasu kan farfaɗo da gashi cikin watanni, wasu shi ke nan. Kuma yawancin zazzaɓin da ake yi wa allurar, ƙwaya ko na ruwa ya ishe shi. Mu ne muka ɗauka magani bai cika ba sai an soke mu.

Irin wannan sakin ƙafa akan ce masa shan inna. Tun 2016 ba a sake ganin asalin ƙwayar shan inna a Najeriya ba, an kuma tabbatar da kawar da ita a Agustan 2020, amma wani nau'inta da ke yaɗuwa inda yara ba su sami rigakafi sosai ba ya ci gaba da ɓullowa a 'yan shekarun nan, har da Kebbi da Zamfara da Sakkwato. Don haka duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a sanar da asibiti mafi kusa a gwada bayan gidansa. Ba a tsakar gida ake yanke hukuncin allura ce ko inna ba.

Wani reshe na babbar jijiyar nan ta bayan cinya ya zagaye wuyan siririn ƙashin ƙwauri, ƙasan gwiwa kaɗan ta waje, inda za ka ji ɗan tudun ƙashi. Fata kawai ta rufe shi. Kan kara ko bakin filasta da ya danne wurin ya isa ya kashe shi, dogon tsugunno wurin dashen shinkafa ko cirar albasa a Aliero kan sa ya yi sanyi na ɗan lokaci, kuturta ma tana kama shi. Shi ne ke ɗaga sawu da yatsu sama.

Gwiwa ba ta da gurbi mai zurfi irin na ƙugu. Igiyoyi ne ke riƙe da ita, biyu a gefe, biyu a ciki sun gitta juna, da faifan guringuntsi biyu. Masu buga ƙwallo sun san ƙarar da ake ji in ƙafa ta kafe jiki ya juya, gwiwa ta cika cikin awa ɗaya ko biyu: galibi igiyar ciki ta gaba ce ta tsinke, kuma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta. A tsufa guringuntsin ne ke zaizayewa, abin da muke kira sanyin ƙashi. Kowane taku na ɗora wa gwiwa ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, don haka rage ƙiba da ƙarfafa tsokar gaban cinya sun fi maganin zafin da ake haɗiya kullum, mai ɓata ciki da ƙoda. A idon sawu kuma, sau tari ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wanda ya kasa taku huɗu a kan ƙafar, ko danna ƙashin idon sawun ke sa shi zabura, a yi masa hoto kafin a ja.

Jinin da ya sauka dole ya hau. Tsokar sha-raɓa ce ke matse jijiyoyin dawowa duk lokacin da aka taka, wasu 'yan marufai a cikinsu su hana shi komawa ƙasa. In aka daina takawa jini ya kwanta, yana iya daskarewa. Mai jego, wanda aka yi wa aiki, mai karaya da ke kwance, da wanda ya yi tafiya a takure daga Birnin Kebbi zuwa Legas, su ne a gaba. Ƙafa ɗaya ce ke kumbura, sha-raɓa ta yi zafi da ciwo. A nan tausa haɗari ce, don gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu, numfashi ya sarƙe. Kumburin ƙafa biyu lokaci guda kuwa yawanci ba daga ƙafa yake ba. A dubi zuciya, ƙoda ko hanta, mai ciki kuma a auna mata hawan jini a ranar.

Wajen jariri ɗaya cikin dubu ake haifa da sawu a murɗe ta ciki, kuma wannan gurguntakar ana iya kauce mata. Wani likita ɗan asalin Sifen da ya yi aiki a Amurka, Ignacio Ponseti, ya fito da hanyar miƙar da sawun a hankali: filasta sabuwa duk mako, sau biyar zuwa takwas, galibi da ɗan ƙaramin aiki a agara, sannan takalmin riƙo da dare har shekara huɗu ko biyar. Makonnin farko na haihuwa ne lokacin farawa. A tambaya a asibitin koyarwa na tarayya ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959.

Akwai kuma ƙafar da ake rasawa ba haɗari ba karaya, ta mai ciwon suga. Jijiyoyin ji da ke zuwa yatsun ƙafa su ne mafi tsawo a jiki, sun kai wajen mita ɗaya, kuma mafi tsawon suga ke fara ci. Da farko raɗaɗi ne da dare, daga baya ji ya ɗauke gaba ɗaya. Sugan na kuma tsuke hanyoyin jini, ya raunana garkuwar jiki. Sai mutum ya taka ƙaya, ya yini da tsakuwa cikin takalmi, ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta da hunturu har ta ƙone, ya ratsa dandamalin masallaci da azahar a bazara ba takalmi, bai ji komai ba. Kaushi ya tsage, ƙwayar cuta ta shiga. Tafin ƙafa ma yana da nasa rufaffun ɗakunan, mugunya kan bi jikin igiyoyin yatsu ta haura, ciwon da a ido bai fi ƙwayar gyaɗa ba a ciki ya kai tsakiyar sawu.

Mai suga yana wanke ƙafarsa kullum wurin alwala, to a lokacin ya duba tafin da diddige da tsakanin yatsu. In ido ya yi rauni, ɗa ko mata su duba masa. Ya tsane tsakanin yatsun, ya shafa mai a diddige amma ban da tsakaninsu, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu. Kada mai yankan farce ya kankare masa kanta da reza. Ciwo komai ƙanƙantarsa, ko bororo, ko wurin da ya sauya launi, a kai shi asibiti cikin kwana ɗaya. Ranar da ya je awon suga kuma ya cire takalminsa da kansa, ya roƙi ma'aikacin ya gwada masa ji da bugun jini a ƙafa biyun, aƙalla sau ɗaya a shekara.